Wai in an yi wa tsohon filan gini sikanin, shikenan ya zama na AutoCAD?

Tambayar da take yawo a tsakanin masu gidaje da masu filaye a Kano, musamman yanzu da kowace takarda ake cewa sai an shigar da ita kwamfuta, ita ce: mutum yana da tsohon filan gidan mahaifinsa a takarda, ko zanen wani ƙarfen inji na kamfani, in ya kai aka yi masa sikanin aka turo masa a waya, shin ya zama fayil ɗin AutoCAD, wato manhajar zanen gini da inji a kwamfuta, da akitek zai buɗe ya matsar da bango ya ƙara ɗaki? Wasu har rantsuwa suke akwai manhajar da zaka danna sau ɗaya ta gama komai cikin minti biyu, don haka duk wanda ya caje ka kuɗi mai kauri akan aikin nan cutarka yayi. Gaskiyar magana sikanin mataki na farko ne kawai, kuma shi yafi kowanne sauƙi. Aikin yana gaba, kuma rashin sanin hakan yana jawo rigima tsakanin mai aiki da mai zane, wani lokacin ma har asarar bulo da siminti.

Hoto daban, zane daban

Kwamfuta tana ajiye zane ta hanya biyu. Ta farko ita ake kira rasta, wato hoto, tarin ɗigo-ɗigo ne ƙanana da aka jera, kowane ɗigo da kalarsa. Duk abinda ya fito daga sikana ko kyamarar waya irin wannan ne, JPEG ne ko PNG ko TIFF. In ka ɗauki babbar takarda ta A1, mai faɗin milimita 594 da tsawon 841, kayi mata sikanin a DPI 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, zaka samu ɗigo kusan miliyan 70. A cikin miliyan 70 ɗin nan babu ɗaya da ya san shi bango ne ko taga, baƙi ne kawai ko fari.

Ta biyu ita ce bekta. A nan kwamfuta lissafi take ajiyewa: layi ya tashi daga wuri kaza ya tsaya a wuri kaza, tsawonsa milimita 3600, da'ira ga tsakiyarta ga faɗinta. Shi yasa zaka iya kama layin ka ja shi, ka goge, ka tambaye shi tsawonsa ya gaya maka, kuma komai girman da ka buɗa shi baya dishi-dishi. Fayilolin DWG da DXF da AutoCAD yake aiki dasu irin wannan ne. Kamar bambancin hoton riga ne da awon da tela ya rubuta a littafinsa, hoton zai nuna maka fasalin rigar amma da awon ake yanka yadi.

Inda mutane suka fi ruɗewa shine PDF. Shi PDF jaka ce, tana iya ɗaukar bekta tana iya ɗaukar hoto. In daga AutoCAD aka fitar da shi kai tsaye layukan suna nan da ransu a ciki, kuma tun daga AutoCAD 2017 akwai umarnin PDFIMPORT da yake dawo dasu. Amma in takarda aka yi wa sikanin aka ajiye da sunan PDF, toh hoto ne yake kwance a cikin jakar, ko ka shigar dashi hoton zai baka. Gwajin ba wuya: buɗe shi ka ta zuƙowa, in layin ya fara fashewa ya zama ƙananan murabba'ai, hoto ne.

Me ya tara mana takardun nan

AutoCAD ya fito ne a 1982, amma ya ɗau shekaru sosai kafin ya zama ruwan dare a ofisoshinmu. Kafin nan da hannu ake zana komai, akan allon zane, da alƙalamin tawada irin Rotring akan takarda mai shara-shara, sannan a buga kwafi da injin amoniya, waɗannan masu shuɗi-shuɗin layi da wari. Gidajen Nasarawa GRA, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, tsofaffin makarantu da asibitoci, yawancinsu a haka zanensu yake in ma yana nan. Kuma kwafin amoniya baya son haske, kullum ƙara koɗewa yake, ga gara ga ɓera ga yoyon damina, ga naɗewa da aka yi masa gida takwas aka cusa a ƙasan akwati.

Yanzu kuma zamani ya juya. Akitek ɗin da zaka kai wa aikin gyara a kwamfuta zai yi, injiniyan da zai lissafa rodi fayil yake so, mai injin yankan ƙarfe na leza DXF zai tambaye ka, hukumomi irin su KNUPDA mai bada izinin gini da KANGIS mai kula da bayanan filaye duk harkarsu ta karkata wajen kwamfuta. Dole a haɗa tsohon da sabon, nan aikin juyawa ya samo asali.

Tun wajen sikanin ake ɓata aiki

Abu na farko, ɗaukar filan da waya ba sikanin bane, ko da kuwa da manhajar CamScanner ne. Waya tana karkata, gefen da yake kusa da ita yafi girma, na nesa ya ƙanƙance, kusurwar da take a miƙe ta koma a karkace. Don aika wa mutum ya gani ba laifi, amma don awo sam bai dace ba. Haka masu yanka babban filan gida-gida a sikanar A4 su dawo suna liƙawa a kwamfuta, wallahi da wuya mahaɗar ta zauna daidai. Abinda ya dace shine babbar sikana mai jan takarda, irin wadda ake samu a wuraren da suke buga filan na A1 da A0.

Sai maganar DPI. Ga zanen layi 300 ya wadatar yawanci, in rubutun ƙanana ne ko ya koɗe a hau 400 ko 600. Ƙasa da 200 siraran layuka zasu fara yankewa. Kuma kar a ajiye a JPEG in da hali, saboda JPEG matse hoto yake ta hanyar zubar da wani abu, sai ya bar ƙura-ƙura a gefen layi wadda idonka bazai damu da ita ba amma manhaja zata ɗauke ta a matsayin zane. TIFF ko PNG sun fi. In takardar ta koɗe sosai gara a ɗauke ta da launin toka-toka maimakon baƙi da fari zalla, don in injin ya yanke hukunci da kansa cewa wannan dusasshen layin fari ne, ya tafi kenan.

Abinda manhajar take yi in ka danna

Manhajojin suna nan kuma suna aiki, ban ce ƙarya bane. Akwai Scan2CAD, akwai WinTopo, akwai Raster Design na kamfanin Autodesk, masu harkar buga takardu a Sabon Gari sun san PowerTRACE na cikin CorelDRAW, Inkscape ma na kyauta yana da nasa da aka gina akan Potrace. Dukkansu abu ɗaya suke ƙoƙari, su bi baƙaƙen ɗigon nan su yi hasashen inda layi ya bi.

Toh amma hasashe ne fa. Manhaja bata san karyewar naɗin takarda ba layi bane, sai ta zana maka bango ya ratsa tsakiyar falo. Tabon ruwa, hatimin ofis, sa hannun akitek, duk zata mayar dasu zane. Layi ɗaya miƙaƙƙe zai fito guntu-guntu kamar ashirin, kusurwoyi basu haɗe ba, da'ira ta zama ƙananan layuka masu yawa maimakon da'ira ta gaske. Inda lamba ta hau kan layi sai ta cakuɗa su. Rubutun hannu kuwa, wanda shine a kusan duk tsofaffin zanenmu, nan take shan kashi, 3 ta zama 8, 1 ta zama 7, kuma a harkar gini 3600 da 8600 ba wasa bane.

Akwai wata matsalar da masu CorelDRAW suke yawan faɗawa. Irin waɗannan manhajojin na masu zanen tambari yawanci gefen abu suke bi, ba tsakiyarsa ba, in ba'a zaɓi bin tsakiyar ba, saboda haka layi ɗaya mai kauri sai ya fito biyu, ɗaya ta wannan gefen ɗaya ta wancan. A ido lafiya lau. Kai shi wajen mai leza kaga yadda injin zai bi wuri ɗaya sau biyu, ya ƙona farantin ya ci lokaci, ko kuma ya dinga tsayawa yana tashi akan da'irar da ta zama gutsattsari, bakin yankan ya fito da kaushi. Don zanen injiniya manhaja mai bin tsakiyar layi ake nema.

Kuma ko ta yi kyau yaya, yawanci komai a leya ɗaya, wato rukuni ɗaya na zanen, zata zuba maka, bango da ƙofa da wayar wuta da rubutu duk a cakuɗe. Mai zane na gaske yana raba su ne, don in ana son ganin famfo kaɗai a kashe sauran. Wannan rabawar mutum ne yake yinta.

Sikel, inda kuɗi suke zubewa

Nan nake so a tsaya sosai, don nan ne abin yake fita daga kwamfuta ya shiga aljihu. Filan gida yawanci 1:100 ne, milimita ɗaya a takarda santimita goma ce a ƙasa. Layin alƙalami mai kaurin rabin milimita kenan ya cinye santimita biyar. Bulo mai inci tara milimita 225 ne, mai inci shida 150, bambancinsu a takarda bai kai milimita ɗaya ba. Yanzu ka gaya min yadda manhaja zata rarrabe su a takardar da ta shekara arba'in a akwati. Ita takardar ma kanta bata zama yadda take, tana ɗan buɗewa da laimar damina ta tsuke da hunturu, kuma ba daidai take yi ta tsawo da ta faɗi ba. A ce rabin kashi ɗaya cikin ɗari kawai ta motsa, a ginin mita 20 an samu kuskuren santimita 10.

Ga wani tarkon da ya fi wannan. Zanen da aka yi kafin Najeriya ta koma awon mita a shekarun 1970 da ƙafa da inci aka yi su, kuma sikel ɗin da aka fi amfani dashi shine ɗaya bisa takwas na inci a matsayin ƙafa ɗaya. Wannan 1:96 ne, ba 1:100 ba. Yaron da bai sani ba zai ɗauka ɗaya ne tunda sun yi kusa. Ginin ƙafa 100, wato mita 30.48, zai fito masa mita 31.75, ya ƙara fiye da mita ɗaya daga zaune. A unguwar da ake faɗa akan taku ɗaya na lungu kaga abinda hakan zai haifar. Sannan sau da yawa abinda yake hannun mutane ba asalin bane, hoton kwafi ne da aka rage daga A1 zuwa A3 don ya shiga fayil, girman ya ragu da rabi, sikel ya koma 1:200, amma a ƙasan takardar har yanzu 1:100 ne a rubuce.

Shi yasa tun zamanin allo masu zane suke rubuta gargaɗi a gefen filan cewa kar a auna da rula, a bi lambobin da aka rubuta. Wannan ƙa'idar bata mutu ba don an samu kwamfuta. Mai aikin da ya san abinda yake yi zai shigo da hoton cikin AutoCAD ya shimfiɗa shi a ƙasa, ya nemi wani awo dogo da aka rubuta ya daidaita girman hoton dashi ta umarnin SCALE ko ALIGN, ya duba ta tsaye ya duba ta kwance, sannan ya zauna ya sake zana komai a kai, yana buga lambar da aka rubuta ba inda tawada ta faɗi ba. In an rubuta 3600, layin 3600 zai zama ko da hoton yana nuna 3570. Inda lambobin suka ƙi haɗuwa, ƙananan awo basu bada jimillar babban ba, sai ya tambaya ko ya je wurin da tef.

Zuwa wurin ma wajibi ne a ganina. Mu a Kano wa ya gina gida daidai da filan? Ana cikin aiki Alhaji zai ce a ƙara faɗin ɗakin uwargida, birkila ya matsar da ƙofa, bayan shekara goma a fitar da shago ta waje. Filan yana nuna abinda aka yi niyya ne, abinda yake tsaye a ƙasa kuma sai tef ya faɗa.

Filan fili nasa daban ne

In takardar ta safiyo ce, abin ya ƙara nauyi. A 1:1000 milimita ɗaya mita guda ce cur. Ba'a bin layin hoto a fitar da iyaka, ana bin lambobin duwatsun iyaka da kusurwa da nisan da aka rubuta ne. Kuma tsofaffin awon ƙasar nan akan ma'aunin Minna aka yi su, alhali GPS na waya da Google Earth akan ma'aunin WGS84 suke, tsakaninsu akwai tazarar mita gommai. Wanda ya ɗora ɗaya akan ɗaya ba tare da ya juya lissafin ba zai ga filinka ya hau kan titi ko ya shiga gidan maƙwabci, ya tada hankalin mutane a banza. Wannan aikin safiyo mai rijista da SURCON ne, wato hukumar da take yi wa safiyoyi rijista. Kuma fayil ɗin da aka juya bai zama hujjar mallaka ba, asalin takardar mai hatimi da sa hannu ita ce abin riƙewa, kar wanda ya yar da ita don an bashi fayil a filashi.

Masu cewa inji ya isa da masu cewa sai hannu

Matasa masu shagunan kwamfuta da yawa suna ganin tsofaffin ma'aikata suna kare abincinsu ne kawai, tunda ga manhaja ga AI kullum ƙara wayo suke. Suna da gaskiya ta wani gefen. In zanen adon ƙofar ƙarfe ne, ko tambarin makaranta, ko furen da za'a yanka a allon silin, ko layukan tudu da kwari na taswira masu lanƙwasa da zasu cinye wa mutum kwanaki, manhaja tana yi da kyau, ɗan gyara kaɗan ya rage. A irin wannan fasali ake nema, in an kauce da rabin milimita babu wanda zai mutu.

Su kuma ƙwararrun suna cewa gyaran shirmen da manhaja ta zubo yafi sake zanawa daga farko cin lokaci, kuma ga filan gini da zanen ƙarfen inji ni ina bayansu. Ƙarfen da zai shiga cikin bearing ana maganar kaso ɗaya cikin ɗari na milimita ne, wannan a rubuce yake a gefen zanen, ba'a ganinsa a kaurin tawada. Abinda yafi damuna shine fayil ɗin da manhaja ta fitar yana da kyan gani, mai gida zai buɗe yaga layuka tsaf ya ɗauka an gama, kuskuren sai ranar da aka kafa igiya a fili zai bayyana. Masu hankali a cikinsu haɗawa suke, su bar manhaja ta share datti ta miƙar da hoton ta ɗauko sassa masu sauƙi, su kuma su zana abinda awo ya rataya a kansa.

Abinda ya shafi mai gida

Yawancin masu neman aikin nan dalili uku ne yake kawo su, za'a hau sama, ko za'a raba gado, ko za'a sayar. Mai son ɗora bene ya sani juya filan zuwa AutoCAD bai gaya masa ko fandishon zai ɗauka ba. Filan akitek ɗakuna yake nunawa, rodin da yake cikin fila da zurfin harsashi suna zanen injiniya, shima ɗin sai an tabbatar abinda aka zana shi aka zuba. Mutanen Kano basu manta da benen da ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut a watan Agustan 2022 ba, maganar ɗora nauyi akan gini ba wurin arha bane. A nemi injiniya mai rijistar COREN, hukumar injiniyoyi, ya zo ya gani da idonsa, zanen da za'a kai neman izini kuma ya bi ta hannun akitek mai rijistar ARCON, hukumar su akitek.

Wajen ciniki, tambayi mai aikin kai tsaye: da hannu zaka sake zanawa ko manhaja zaka saka? Farashinsu ba ɗaya bane kuma bai kamata ya zama ɗaya ba, wanda ya zauna kwana biyu yana bin lamba ɗaya-ɗaya ba cutarka yayi ba. In ya kawo, sa shi ya buɗe a gabanka, ya taɓa bango ɗaya kaga ko layi ɗaya ne ko tarkace, ya auna wurare uku ko huɗu ku gwada da takardar. Ka karɓi DWG ɗin, da PDF, da asalin hoton sikanin ɗin, da takardarka. Shafukan intanet na kyauta masu cewa ka ɗora su juya maka kuwa, ka tuna filan gidanka ne da ƙofofinsa da ɗakin kwanan iyalinka kake miƙa wa wanda baka sani ba.

Ga ɗalibanmu na BUK da Wudil da Kano Poly da suka iya AutoCAD, wannan sana'a ce a kwance, don ma'aikatu da kamfanoni da gidaje cike suke da zanen da yake ruɓewa. Shawarata ga masu takardun ita ce a raba aikin biyu: sikanin a yi shi yanzu, duka, tun kafin amoniyar ta gama koɗewa, tunda shi bashi da tsada sosai, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Juyawa zuwa bekta kuma a bari sai wanda ake buƙata ya taso. Shi kuma mai juyawar, duk inda lamba ta goge ya cike da hasashe, ya saka wannan a leya ta daban da jan launi ya rubuta cewa ba'a tabbatar ba, don injiniyan da zai karɓa bayansa ya san inda zai kai tef.